Tari Ya Shigo Gida: Kalma ga Iyalan Ma'aikata



Da yawa daga cikinmu a masana'antun Sharaɗa da Bompai da majemun Challawa muke neman abinci. Mukan wuni kafaɗa da kafaɗa da abokan aiki, mu cunkusu cikin adaidaita sahu, mu komo ɗakin da mutum shida ko bakwai ke kwana. Ba mu manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka tabbatar da cutar korona a Kano, aka rufe gari, majami'u suka yi tsit. Dokar kulle ta wuce, amma hanyar da irin wannan ƙwayar cuta take bi tana nan.

Ƙwayar tana fita ne tare da numfashi, ko tari, ko atishawa, har ma da magana da waƙa. Manyan ɗigon yawu sukan faɗi nan kusa. Ƙananan kuwa sukan daɗe suna yawo cikin iska, musamman a lokacin hunturu, sa'ad da muke toshe kowace taga saboda sanyi da ƙura. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ciwo a jikinsa. Maigida ya ɗauko, uwargida da ke jinyarsa ta kama, yara su yi 'yar mura su warke. Kaka ce takan kwanta, ita da mai ciwon sukari ko asma.

Mun sani ma'aikacin da ake biyansa kullum-kullum ba ya son fashin aiki, gama ranar da bai fita ba tukunya ba ta hawa murhu. Ba mu raina wannan damuwa ba. Duk da haka doka ta biyar ta ɗora mana kiyaye rai, rai na farko kuwa shi ne wanda ke kwance a tabarma kusa da mu.

Saboda haka mai zazzaɓi da tari ya rufe hanci da baki, a ware masa kofi da wurin kwana, a buɗe taga ko da ana sanyi, a wanke hannu da sabulu. Rashin zuwa sujadar Lahadi saboda ciwo ba zunubi ba ne. A sanar da katikis domin a kawo masa Jibi Mai Tsarki. Zumuntar mata da ta maza su leƙa gidan da ɗan hatsi. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.