Fansho: Alheri Ne Ko Hakki?

Wanda ya tsaya a bakin titin Palladan da sassafe zai ga jama'a suna hanzari zuwa wurin aiki. Waɗansu sun nufi Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Waɗansu sun nufi makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Waɗansu kuwa sun yi Sabon Gari, wajen kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Kowannensu ya fito ne ya sayar da ƙarfinsa ko saninsa. To, ga tambaya: in wata ya ƙare aka biya mutum albashinsa, shin wanda ya ɗauke shi aiki ya sauke nauyin da ke kansa ke nan?

Wani ya ce i. Hujjarsa ita ce, ciniki aka yi, an shirya a kan kuɗi kaza, an kuwa biya. In ma'aikaci ya yi ciwo ko ya tsufa, ruwansa. Abin da aka ba shi bayan albashi alheri ne kawai, mai alheri kuwa ba a tilasta masa.

Kafin mu yarda da wannan magana, bari mu waiwayi yadda kakanninmu suka zauna. A gidan gandu, ƙanne da 'ya'ya suna noma ƙarƙashin mai gida. Shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya nema musu magani. Ranar da ƙarfin mutum ya ƙare, ba a hana shi tuwo, gama guminsa yana cikin rumbu. Babu mai kiran wannan sadaka.

Da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya a 1911, aka kuma buɗe gonar gwaji ta Samaru a 1922, sai samari suka fara barin gandu suna kama aikin albashi. Wanda ya yi shekara talatin yana gyaran hanyar jirgi bai tara hatsi a rumbun kowa ba. Ƙuruciyarsa ta ƙare a wurin aiki. Albashin wata ladan aikin wata ne. Amma ƙarfin da ya tafi ba ya komowa, da idon da ya dushe, da bayan da ya ranƙwafa, wa zai biya su? Lalle wanda ya ci moriyarsu. Ashe fansho da kuɗin magani ragowar lada ne da aka jinkirta biya, watau bashi.

Dokokin ƙasar nan sun bi wannan hanya sannu a hankali. A 1951 aka yi dokar fansho ta ma'aikatan Gwamnati. A 1961 aka kafa asusun tanadi domin ma'aikatan kamfanoni. Amma alkawarin da ba a ware masa kuɗi ba yakan zama jira, har tsofaffi da yawa suka yi ta sintiri suna bin hakkinsu. Saboda haka a 2004 aka sake tsari, kowane ma'aikaci ya sami asusu da sunansa. Dokar 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi kowane wata, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ta kuma wajabta inshorar rai, wadda za a ba magada aƙalla ninki uku na albashin shekara in mutum ya rasu yana bakin aiki. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni wajen aiki, ta 2022 kuwa ta wajabta inshorar lafiya.

Duk da haka, doka takarda ce, sai an sami mai riƙon amana. Wanda ya yanke kashi 8 daga albashin ma'aikaci bai kai asusu ba, ya ci amana sau biyu: ya ci na yau, ya ci na gobe. Wanda ya kula da lafiyar mutanensa kuwa bai yi hasara ba, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Maganar ba ta tsaya ga manyan ma'aikatu ba. Mai shago a Sabon Gari da yaransa biyu, shi ma ta shafe shi. Al'adarmu ta san yaron da ya daɗe yana bauta wa ubangidansa, a sallame shi da jari. Wanda ya kori yaronsa hannu wofi ranar da ciwo ya kama shi, ko alƙali bai kira shi ba, jama'a sun san abin da ya yi.

Kai kuma mai karatu, tun da ka fita daga duhun jahilci, kada ka sa hannu a takardar aiki sai ka karanta ta. Tambayi sunan kamfanin da ke riƙe da asusunka, ka riƙa duba abin da ya shiga. Ka yi aikinka tsakani da Allah, sa'an nan ka nemi hakkinka ba tare da jin kunya ba, gama ba roƙo kake yi ba.