Hutun Ɗalibi Tsakanin Neman Ilmi Da Hakkin Iyaye

 

A ƙasar Amurka makarantun sakandare sukan rufe a cikin watan Yuni, ba sa komawa sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, watau hutu na kimanin mako goma, a lokacin da zafi ya fi tsanani a can, sa'ad da ƙasar Hausa ke tsakiyar damina. Da yake ɗakunan kwanan jami'o'i sukan zama ba kowa a wannan lokaci, sai jami'o'in su buɗe su ga samari da 'yan mata waɗanda ba su gama sakandare ba, su zo su ɗanɗani karatun jami'a tun kafin su shige ta. Jami'ar Harvard tana da irin wannan shiri na mako biyu, tana kuma da na mako bakwai. Akwai wanda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1965 mai suna Upward Bound, domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, inda akan yi mako shida ana karatu ba a karɓi ko kwabo ba. Na manyan jami'o'i kuwa dubban daloli ake biya, kuma su kansu jami'o'in ba sa ɓoye cewa halartar shirin ba alkawari ba ne na samun gurbi a cikinsu.

Cikin masu zuwa akwai 'ya'yan Musulmi, har da 'ya'yan Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya mazauna unguwar Bronx a birnin New York, da waɗanda iyayensu masu hali kan sa su a jirgi daga gida. To, yaro ɗan shekara 16 da zai yi mako uku a jami'a, sauran hutun ya yi shi a gaban iyayensa, me Musulunci ya ce game da wannan rabo?

Wani abu mai kama da wannan ya faru a Madina. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Maliku ɗan Huwairis, Allah ya yarda da shi, cewa shi da waɗansu mutanensa sun zo wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, suna samari tsaran juna, suka zauna kwana 20 suna koyon addini. Manzon Allah mai tausayi ne, mai sauƙin hali. Da ya lura kewar gida ta kama su, sai ya tambaye su labarin waɗanda suka baro, suka ba shi. Sa'an nan ya umurce su da su koma ga iyalansu, su zauna a cikinsu, su karantar da su, su yi salla kamar yadda suka ga yana yi, in lokaci ya yi ɗayansu ya kira salla, babbansu ya ja su.

A duba wurin da waɗannan samari suke. Ba a taɓa yin makaranta a bayan ƙasa da ta kai wannan ba, ba a taɓa yin malami kamar nasu ba, kuma kowane yini ɗaya da za su ƙara a Madina riba ce da ba ta misaltuwa. Duk da haka Malamin da kansa ne ya fara ganin kewa a fuskokinsu, bai kuwa ɗauke ta rauni ko rashin himma ba. Ya tambayi labarin gida, ya sallame su. Idan an mayar da samari gida daga gaban Manzon Allah saboda hakkin iyali, to, babu wata jami'a da za ta kai matsayin da za a ce ta cinye hutun yaro ɗungum, har ya rasa kwanakin da zai zauna da mahaifiyarsa. Wannan magana ta fi shafar iyaye, domin akwai uban da, saboda gasa da tsararrakinsa, daga wannan shiri sai ya tura ɗansa wancan, har hutu ya ƙare ba a ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Kada kuma a ce ai waɗancan addini suka je koyo, shi kuwa wannan lissafi da ilmin haɗa magunguna. Zaidu ɗan Sabit yana saurayi Manzon Allah ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata, ya zama shi ke rubuta masa wasiƙu zuwa gare su yana karanta masa nasu. Imamul Gazzali ya lissafta ilmin likita da na lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai su kowa ya yi laifi. Saboda haka tafiyar halal ce, da kyakkyawar niyya ma ibada ce. Sai dai a nan ne hukuncin izini ya shigo: malaman Malikiyya sun tabbatar cewa iyaye suna da ikon hana ɗansu tafiya domin farillar kifaya, ba su da ikon hana shi koyon farillar da ta hau kansa shi kaɗai, kamar hukuncin tsarki da salla. Yaron da ya murɗe wa uwarsa hannu da fushi da ƙin cin abinci har ta yarda tana hawaye, ya tuna da mutumin da ya zo yin mubaya'a a kan hijira ya baro iyayensa suna kuka, aka ce masa ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Abu Dawuda ya ruwaito wannan. Duk abin da aka faɗa game da yaro ya haɗa da yarinya, illa dai tafiyar 'ya mace tana da hukuncin muharrami, wanda ke bukatar filinsa dabam.

Jarrabawa ta gaskiya a waɗannan makonni ba a cikin aji take ba, a kan gado take da asuba. A gida uba ne ke buga ƙofa, ko uwa ta yayyafa ruwa. A can kuwa babu ladan, babu mai tashin kowa, abokin ɗakinsa watakila bai taɓa ganin mai sujada ba. Ga shi a ƙarshen Yuni alfijir kan keto a New York kafin ƙarfe 4, rana ta fito wajen biyar da rabi, ba ta faɗuwa sai takwas da rabi na dare, lisha kuwa ta kai wajen ƙarfe 10. Wanda ya zauna hira har sha biyun dare ya san abin da ya zaɓa. A nan ne yaro zai gane ko sallar da ya yi shekaru yana yi tasa ce ko ta tsoron mahaifinsa ce, kuma ai tun da ya balaga alƙalami ya hau kansa, zunubin barinta ba a rubuta wa uban.

Waɗansu kan ruɗi kansu da cewa su matafiya ne. A mazhabar Maliku, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya fita daga hukuncin tafiya, sai ya cika salla tun daga isarsa. Kasaru a kan hanya kaɗai ta rage masa. Jumma'a ma ta hau kansa in masallacin bai yi masa nisa ba, saboda haka tun kafin a biya kuɗi ya kamata uba ya tambayi masu shirin ko za a bar yaron ya fita ranar Jumma'a da azahar, da kuma abin da ake dafawa a ɗakin cin abinci, domin naman alade yana da yawa a abincinsu na safe. Alƙibla daga New York arewa maso gabas take. Ba a rasa mataimaki ba: tun 1963 ɗalibai Musulmi suka kafa ƙungiyarsu a Jami'ar Illinois, ta yi rassa a jami'o'i masu yawa, kuma a 1999 Jami'ar Georgetown ta ɗauki limami na dindindin, waɗansu suka bi sahu. Amma fa a lokacin hutu yawancin 'yan ƙungiyar sun tafi gidajensu, sai yaro ya nema da ƙafarsa. Wani lokaci ma idi kan riske shi a can, kamar a 2023 da Babbar Salla ta faɗo ranar 28 ga Yuni. Wanda ya yi sallar idi cikin baƙi, ya dawo ɗaki babu ƙamshin suyar nama, shi zai ba da labarin abin da samarin nan suka ji a Madina.

Sai komowa gida, wadda ita ce rabin da aka fi sakaci da shi. Yaro ya yi mako uku yana jin manyan malamai, ya ga ɗakin karatu mai hawa-hawa, sai ya dawo ya tarar da uba direban tasi wanda Turancinsa bai nuna ba, da uwa mai yi wa mata kitso. Shaiɗan ba ya samun ƙofa da ta fi wannan faɗi. Sai a ga an fara gyara wa uba lafazi a gaban baƙi, ana amsa wa kaka da Turanci alhali da Hausa ta yi tambaya, ana shiga ɗaki a kulle da wayar hannu ana hira da abokan mako uku, an bar waɗanda suka yi shekara 16 suna wahala. Alhali kuɗin shirin, in na biya ne, daga cikin wannan tasi da wannan kitso suka fito. Suratul Isra'i ta haɗa umurnin kaɗaita Allah da bauta da kyautata wa iyaye a aya ɗaya, ta hana ko da 'yar ƙaramar kalmar ƙosawa, ta kuma yi umurni da ƙasƙantar da kai gare su saboda jinƙai. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Maliku, da za ta tura shi karatu yana yaro, ta sa masa tufafin malamai ta naɗa masa rawani, ta aike shi wurin Rabi'a da wasiyyar ya koyi ladabinsa kafin ilminsa. Karatun da ya dawo da yaro gida da raini, ko takarda nawa aka ba shi, bai bi wannan jeri ba.

Abin da aka umurci samarin Madina da shi idan sun koma shi ne su zauna, su karantar. Zama shi ne farko: a ci abinci tare, a raka uba masallaci, a kai uwa kasuwa a ɗauko mata kaya, a ziyarci goggo da kawu, in kuwa iyali sun yi tattalin kuɗin jirgi an zo ganin dangi a Kumasi ko Maradi ko Kano, a durƙusa a gai da tsofaffi da harshensu ba tare da yamutsa fuska saboda zafi ko ɗaukewar lantarki ba. Karantarwa kuwa ta fara daga ƙanne: wanda ya koyo sabuwar hanyar lissafi ya zaunar da ƙanensa ya nuna masa, ya bayyana wa ƙanwarsa yadda ake cika takardar neman shiga, ya karanta wa mahaifinsa takardun asibiti da na haraji. Suratut Tauba ta ambaci wannan tsari, na wani ɓangare ya fita neman fahimta domin ya amfani mutanensa idan ya komo.

Shi kansa Maliku ɗan Huwairis bai ajiye abin da ya koya a kwana 20 ɗin nan ba. Bayan shekaru, yana zaune a Basra, almajirinsa Abu Ƙilaba ya ba da labari cewa yakan zo masallacinsu ya yi salla a gabansu ba a lokacin farilla ba, don kawai ya nuna musu yadda ya ga Manzon Allah yana tsayuwa da ruku'u da sujada. Malamai kuma sun bayyana dalilin da ya sa aka ce babbansu ya yi limanci, ba a ce mafi karatu ba: tare suka zo, tare suka koya, karatunsu ya zama ɗaya, sai shekaru suka raba gardama.