Robar Bakin Ƙofa

Gidan goggona yana Nasarawa GRA, can wajen Titin Sultan, cikin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da inuwar darbejiya. A kicin ɗinta akwai kukar gas mai obin a ƙasa, ƙofarsa da gilashi, wadda ta girmi wasu daga cikin jikokinta. Duk Sallah a nan ake gasa kek ɗin da ake rabawa dangi.

Bara sai abu ya lalace. Kek ya riƙa fitowa gefe ɗaya ya yi ja, ɗaya gefen kuma ɗanye, tsakiyarsa ta lotsa. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da ta saba kai su wata guda ta koma ƙarewa tun kafin lokaci, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Da farko aka ce fulawa ce, aka canza. Aka ce mai sayar da gas ne ba ya cika tukunya. Daga ƙarshe laifin ya sauka inda ya saba sauka, kan yarinyar da Goggo ke riƙo, wadda ita ce mai kwaɓi da gashi. Wai hankalinta ya koma kan waya. Na ji ana yi mata faɗa har sau biyu, tana tsaye kanta a ƙasa, ba ta da abin cewa, don ita ma ba ta san me ya sauya ba.

Mai gyaran da aka kira bai kunna wuta ba ma. Takarda ya nema, aka yago masa daga littafin makaranta. Ya sa ta a bakin ƙofar obin, ya rufe, ya ja. Ta ƙasa takardar ta cije. Ta sama kuwa, wajen kusurwar dama, sai ta zare sulul kamar ba a rufe komai ba.

"Hajiya, ga ɓarawonki nan," in ji shi.

Ya buɗe ya nuna mana robar da ta zagaye bakin ƙofar. Ta bushe, ta daskare da maiƙon shekaru, ta tsage a kusurwa. Ta nan zafi ke tsiyaya. Kek yana son zafi tsayayye, wajen digiri 180, amma obin da ke yoyo ba ya riƙe shi. Wuta na ta ci tana ƙoƙarin cike gurbi, gas na tafiya, gefen ƙofa kuma ba ya nuna. Sai a lokacin Goggo ta tuna cewa maɓallan kukar sun daɗe suna ƙona mata yatsa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Duk macen da ta taɓa turara dambu ko dashishi ta san ba a ɗora madambaci a kan tukunya haka kawai. Sai an liƙe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma ko ƙullu, don kada tururi ya gudu ta gefe. In ya gudu, a ƙone itace a banza, dambu bai nuna ba. Goggo da kanta ta koya wa 'ya'yanta wannan. Amma da abin ya zo cikin ƙarfe da gilashi, sai ido ya tsallake shi. A ƙasashen sanyi ma, inda ake ɗumama ɗaki da murhun ƙarfe mai cin itace, igiyar zaren gilashi suke mannawa a bakin ƙofarsa, kuma da takarda suke gwada ta. In ta saki, iska ta kutsa, wuta ta fi ƙarfin mai ita, itace ya ƙare da wuri.

Ina ganin haka muke yi da abubuwa da yawa. In al'amari ya ɓaci, mukan nemi babban dalili, ko mu nemi wanda za mu iya yi wa tsawa, alhali ɓarakar tana wani lungu da ba mai dubawa saboda arharsa. Kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan bashin.

Washegari mai gyaran ya dawo da sabuwar roba daga kasuwar Sabon Gari. Ya kankare maiƙon ramin tas kafin ya sa ta, bai ja ta da ƙarfi ba, don kada ta sirance. Ya duba ta jikin gilashin ma, ya ɗaure kusoshinsa a hankali, yana cewa ƙarfe da gilashi ba tare suke buɗewa ba in sun ji zafi, wanda ya matse da yawa zai ji ƙara wata rana. Aka sake gwada takarda a kusurwa huɗu, ko'ina ta cije.

Da yamma yarinyar ta yi kwaɓi kamar yadda ta saba, ba ta canza komai ba. Kek ya tashi sumul. Goggo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yanka, ta miƙa mata na farko.

"Ungo, 'yar nan. Ki yafe ni, na ɗauki alhakinki."