Nauyin Aiki da Nauyin Zuciya

Masu iya magana kan ce babba juji ne. Amma a ma'aikatu da dama al'amarin ya juye, ƙarami ne ya zama jujin da babba ke zuba wa shara. Abin tambaya a nan shi ne: me ya fi cinye ma'aikaci, yawan aiki ko halin shugabansa?

Tarihin Kafanchan zai ba mu haske. Garin ya bunƙasa ne daga 1927, sa'ad da ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal da waɗanda suka nufi Kaduna da Jos. Aikin reluwe wahala ce tsantsa: ga kwanan tasha, ga zafin kwal, ga rayukan fasinjoji a wuyan mutum. Duk da haka aiki ne da aka yi alfahari da shi, domin ma'aikaci ya san ranar albashinsa, ya san matakin da ke gabansa. Daga ƙarshen shekarun 1980 jirage suka ragu, albashi da fansho suka riƙa maƙalewa wata da watanni. Hannu ya huta, zuciya ta ɗauki kaya. Gajiyar jiki barci kan kore ta. Zulumi kuwa shi ke korar barcin.

Wani zai ce, ashe ke nan shugaba nagari shi ne mai sassauci? Ko kusa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Babu shakka ɗan makaranta a Kagoro ko Zonkwa yana da haƙƙin samun malamin da ya iya karatu. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ɗauki malaman tun farko? Wa ya bar su shekaru ba horo? Duk hukuncin da ya tsaya kan na ƙasa ya tsallake na sama, darasin da yake koya wa waɗanda suka tsira shi ne tsoro, mai tsoro kuwa kare kansa yake yi, ba gyaran aiki ba.

A nawa ganin, abu uku ma'aikaci ke bin shugabansa bashi: doka ɗaya ga kowa, gargaɗi kafin hukunci, da cika alkawari kan lokaci. Wanda ya sami waɗannan zai jure tsanani ba tare da ya karaya ba. Shugaban da ya hana su kuwa, ya sani hawan jinin na ƙasa da shi na cikin abin da za a tambaye shi gobe kiyama.