Kafin Ka Kunna Makirfo, Ɗana

Ɗana, na ji labarin kana son ka mai da ban dariya sana'a, kana rubuta 'yan wasanni, kana tara abokai a Kagarko kuna ɗaukar hira da waya kuna ɗorawa a intanet, abin nan da ake kira fodkas. Ba hana ka na zo yi ba. Duk wanda ya sa manomin da ya wuni a gonar citta ya yi dariya har ya manta da ciwon baya, ya yi aikin lada. Kuma ba a kanka aka fara ba, domin tun ba a san rediyo ba 'yan kama ke tsayawa a kasuwa suna kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da nama, suna ƙirƙira nan take, jama'a na yi musu kyauta.

Amma ka dubi waɗanda suka daɗe a harkar, ka ga inda suka ɗebo rahar tasu. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna a 2023, sai da ya sa kakin soja tukuna, shi ya sa idan ya daka tsawa da Hausar bariki a talabijin ɗin Kaduna, sojoji ne kan gaba wajen dariya, saboda ɗan gida ne ke tsokanar gida. Rabilu Musa Ibro, da Allah Ya karɓi abinsa a Disambar 2014, aikin gandiroba ya yi kafin fim, ya ga mutane iri-iri cikin ƙunci da wayo da wauta. Abin da kake gani kamar sauka yake zuwa musu haka kawai, shekaru ne na kallon mutane da sauraron yadda suke magana. Saboda haka ka zauna a tasha da kasuwar Jere, ka buɗe kunne, ka rubuta, ka soke, ka sake rubutawa, kuma kada ka saki sana'ar da ke ciyar da kai tun wannan ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda za ka yi dariyar a kansa. Mu mutanen wasa ne: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, suna yi wa juna ba'a son rai babu mai fushi, domin wasan gado ne, kowane ɓangare ya yarda da shi, kowa kuma yana da damar ramawa. Kai kuwa kana zaune ne a ƙasar da Gbagyi da Koro da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, masallaci da coci na jin muryar juna, kuma ba kowane biyu daga cikinsu ne ke da wasa a tsakani ba. Tambayi manya abin da ya faru a Kafanchan a Maris 1987, yadda gardamar addini a Kwalejin Ilimi ta zama wutar da ta kai har Zariya da Kaduna da Funtua. Magana zarar bunu ce, ɗana, balle yanzu da wani zai yanko rabin minti daga hirarka ta awa guda ya watsa a WhatsApp, ga mutanen da ba su ga murmushinka ba, ba su kuma ji abin da ya gabata ba.

Na san ba ka da mugun nufi, na kuma san irin daɗin da yaro ke ji idan mabiya suka ƙaru dare ɗaya, ita kuwa tsokanar harshen wani ko ibadarsa tana jawo su da sauri fiye da raha mai tsabta. Kada wannan saurin ya rinjaye ka. Abin dariya bai ƙare ba a ramukan titi, da alkawarin ɗan siyasa, da rowar mai gida, da son banzar mu kanmu, kuma baƙon da ka gayyato hira amana ne a hannunka, ka bar shi ya tashi da mutuncinsa.

Kafin ka ɗora kowane shiri, ka kai wa maƙwabcinka da ba addininku ɗaya ba ya saurara a gabanka. In ya yi dariya, ɗora. In ka ga ya sunkuyar da kai, ka goge wurin, komai daɗinsa. Allah Ya yi maka albarka.