Shingen Hanya da Darajar Ɗan Adam

Kusan dukanmu mun taɓa tsayawa a shingen 'yan sanda, direba ya miƙa takardun mota, fasinjoji sun yi tsit. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: har yaushe ne mai iko yake da damar tsare mutumin da bai same shi da laifi ba?

Ba mu musun cewa hukuma tana da aikin kare rayuka. Ɗan sandan da ya kwana a bakin hanya domin 'yan fashi ya cancanci girmamawa da haɗin kanmu. Amma an ba shi ikon ne saboda wani dalili, kuma inda dalilin ya ƙare, nan ikon ya ƙare. A shekarar 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa ba daidai ba ne a ci gaba da riƙe direba bayan an gama abin da ya sa aka tsayar da shi, ko da na minti 7 ko 8 ne, sai da wani ƙwaƙƙwaran dalilin zargi.

Dokarmu ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 idan akwai kotu tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa ta bayyana cewa tufafi, aski ko shekarun mutum ba dalilin zargi ba ne. Hausawa sun riga sun faɗa: zato zunubi.

A Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala, aka kulle su ba tare da shari'a ba. Da gari ya waye Bulus ya ƙi fita a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu. Ashe neman haƙƙi cikin natsuwa ba rashin tawali'u ba ne.

Sai dai mu ma mu binciki zuciyarmu. Duk lokacin da muka miƙa na goro don a sake mu, muna sayen 'yancin da Allah ya ba mu kyauta, muna kuma tsawwala farashinsa ga talakan da ke bayanmu. Bari mu gyara takardunmu, mu amsa da ladabi, mu tambayi dalili, mu ƙi ba da hanci. 'Yan sandan da ke cikinmu kuwa, ku tuna Yohanna Mai Baftisma ya gargaɗi sojoji a kan ƙwace da ƙazafi. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.