Ƙuri'arka Shaida Ce: Nasiha Ga Samari Kan Zaɓen Ɗan Majalisar Jiha

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ina so in tambaye ka. Ka san sunan shugaban ƙasa, ka san sunan gwamna. To, wa ke wakiltar mazaɓarka a majalisar dokokin jiha? Da yawa daga cikin samarinmu in ka yi musu wannan tambaya sai su yi shiru, alhali da hannunsu suka dangwala masa ƙuri'a.

Ɗauki jihar Gombe misali. An ƙirƙiro ta ran 1 ga Oktoba 1996, tana da ƙananan hukumomi 11. Tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha ba za su gaza 24 ba, ba za su wuce 40 ba, kuma Gombe 24 ɗin take da su. Daga Nafada har Shongom, mutum 24 ne ke zama su yi doka. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, watau nawa za a kashe a asibiti, nawa a makaranta, nawa a ruwan sha. Gwamna ba ya naɗa kwamishina sai sun tabbatar. In ya yi ɓarna, kashi biyu cikin uku nasu, mutum 16, na iya tuɓe shi bayan bincike. Ka tuna ma dokokin shari'a da aka fara a Zamfara a 1999 ta majalisar jiha suka bi. Wannan ita ce kujerar da kake rainawa.

Ran 18 ga Maris 2023 aka yi zaɓen gwamnoni da na majalisun jihohi a rana guda. Sai mutum ya yi ta tunani kan takardar gwamna, ta ɗan majalisa kuwa ya danna alamar jam'iyya kawai ya wuce. Wannan sakaci ne, kuma akwai hisabi a kansa.

Me ya sa? Domin ƙuri'a shaida ce. In ka jefa wa mutum, ka shaida cewa wane ya cancanci a ba shi amanar dukiyar jama'a shekara 4. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mai da amana ga masu ita. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Ɗan takarar shugaban ƙasa kana iya cewa a rediyo kawai ka san shi. Amma ɗan majalisar jiha? Mazaɓar ƙarama ce. Ka san gidansu, ka san sana'arsa, ka san ko yana biyan bashi, ka san yadda ya yi da gādon ƙannensa. Ba ka da uzurin jahilci ko kaɗan. In ka san maci amana ne ka zaɓe shi, ka yi shaidar zur kana sane.

Wani zai ce, ai Malam talauci ne, an ba ni ɗan abin sabulu na karɓa. Ban musa talauci ba, muna ganinsa a gidajenmu. Amma ya tabbata a hadisi cewa cikin mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar Ƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kaɗai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Duba kanka da kyau. Kuma wanda ya saye ka, da kuɗin wa kake jin zai mai da abin da ya kashe? Da kuɗin maganin da mahaifiyarka za ta nema a asibiti ta rasa.

Wani kuma ya ce, ai ɗan garinmu ne, ko ɗan masallacinmu ne, gemunsa ga shi nan, wandonsa a ɗage. Madalla da sunna. Sai dai gemu ba ya karanta kasafin kuɗi. 'Yar dattijon Madyana, da ta nemi babanta ya ɗauki Annabi Musa aiki, abu biyu ta ambata, ƙarfi da amana. Nemi wanda ya iya aikin, zai iya buɗe baki gaban gwamna ya ce wannan ba daidai ba ne, kuma zai yi adalci ga kowa a mazaɓar, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Mafi muni shi ne wanda ya sayar da jikinsa gaba ɗaya. Tun wajen zaɓen 2003 sunan 'yan Kalare ya bazu a Gombe, kamar Sara-suka a Bauchi da 'yan daba a Kano. A ba yaro ƙwaya da adda, a ce je ka tarwatsa rumfar zaɓe. Ɗan wanda ya aike shi yana makaranta. In ya sari Musulmi ɗan'uwansa, shi zai tsaya gaban Allah da jinin, ba a kawo uzurin wane ne ya aike ni.

Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Saurayi mai ilmi da tsoron Allah yana iya tsayawa, ku kuma ku mara masa baya. In wanda kuka zaɓa ya ɓace muku, tsarin mulki ya ba ku damar yi masa kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Abu ne mai wuya, shi ya sa bincike tun kafin zaɓe ya fi sauƙi. Ka yanki katinka. Ka tambayi dattawan unguwarsa da abokan cinikinsa, ka yi istihara, sannan ka fita da wuri ka bi layi, ka tsaya har a ƙirga.

Allah Ya shirye mu, Ya shiryi shugabanninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.